Gizo-gizo mai goyon ƴaƴa ya addabe mu a gida, wa ya san shi?

Maman_Nafisa:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da kaka. Don Allah wanda ya san wannan abu ya fitar da ni daga duhu. Muna unguwar Zariya ta Maraɗi, can inda gari ya ƙare, bayan katangarmu gona ce. Tun da aka fara yankan gero wani gizo-gizo ya addabe mu. Ba irin wanda muka saba gani a lungun rufi da saƙarsa ba ne. Wannan a ƙasa yake yawo, launinsa ƙasa-ƙasa da ratsi a baya, ƙafafu masu kauri da gashi, in ya baje su ya kai bakin kofin shayi, ga gudu kamar walƙiya. Jiya bayan isha na ɗaga tabarmar yara sai ga wata babba, bayanta duk gudaje-gudaje. Na kai mata takalmi, wallahi sai gudajen suka watse, ashe ƴaƴa ne, kowa ya kama gabansa, wasu har ƙarƙashin katifa. Ban runtsa ba. Ina da mai rarrafe ƴar wata tara. Maigida ya ce gobe zai sayo piya-piya a feshe gidan gaba ɗaya. Yana da dafi? Yana kisa? Piya-piyar za ta raba mu da shi?

Abdu_Bagalam:
Wa alaikumus salam. Tautau ne Hajiya. Ki yi hattara, in ya yi wa yaro fitsari a baki ko a wuya sai wurin ya tashi ƙuraje masu ruwa. A feshe kawai a huta.

Inna_Tibiri:
Ke ɗiyata kwantar da hankalinki. Mu nan Tibiri duk kaka sai mun gan shi, da an shigo da dammunan hatsi da kara shi ma ya shigo. Tun muna yara muke tare da shi, na aurar da ɗiya na ga jikoki, ban taɓa jin wanda ya kashe ba. Abin da nike tsoro cikin kara kunama ce. Ita za ki sa ma ido.

Zara_AliDanSofo:
Wayyo, tsigar jikina ta tashi da kika ce ƴaƴan sun watse. Ni ma bara na ga irinta a makewayi, gindin randa. Sai da na yi kwanaki ban yarda yara su shiga su kaɗai da dare ba.

Mushe_Ilmi:
Hajiya Maman Nafisa, bayaninki ya isa a gane shi ko ba hoto, goyon nan shi ne babbar shaida. Ni malamin kimiyyar halittu ne a sakandare, kuma duk shekara a wannan lokaci yara kan kawo mini shi cikin kwalba. Masana sun ƙidaya gizo-gizo fiye da iri 50,000 a duniya. Dangin da aka sani da goyon ƴaƴa a baya sunansa Lycosidae, daga kalmar Girkanci mai nufin kyarkeci, su kaɗai sun haura iri 2,400. Da Faransanci araignée-loup ake ce masa, wato gizo-gizon kyarkeci. An ba shi sunan ne saboda ba ya kafa saƙa ya zauna jiran rabo. Da ƙafarsa yake farauta, galibi da dare, ya laɓe ya daka wa gyare ko kyankyaso ko ƴar fara tsalle. Shi ya sa ba ki ga saƙa ba.

Uwar takan saƙa ƴar jaka zagayayya, fara ko toka-toka, kamar ƙwarar gujiya, ta zuba ƙwanta ciki ta maƙala a ƙarshen cikinta tana yawo da ita duk inda za ta. In sun ƙyanƙyashe su hau bayanta, su yi kwanaki a can, wani lokaci har mako ɗaya ko biyu, sannan kowa ya tafi neman na kansa. Abin da kika buga ke nan. Ƴaƴan da suka watse ba su da ƙarfin huda fatar mutum, kuma mafi yawansu ba za su rayu cikin ɗaki ba.

Wanda ya samu ya dube shi kusa zai ga ido takwas a jere uku: huɗu ƙanana a ƙasa, biyu manya a tsakiya suna kallon gaba, biyu kuma a sama can baya kaɗan. Dafi kam yana da shi, kamar kusan kowane gizo-gizo, amma na kashe ƙwari ne. Ba ya neman mutum. Sai an danne shi cikin takalmi ko riga ko an kama shi da hannu yake cizo. Zancen fitsarin da Malam Abdu ya kawo zan bar wa ma'aikatan lafiya, na san akwai su a nan.

Sani_Kabukabu:
Mushe, ko shi ne ja-jan nan mai baki kamar almakashi da ke bin mutum da gudu lokacin bazara? Rannan a tasha ya bi wani abokin aikinmu har ya hau babur. Mutane na cewa inda ka gan shi to kunama na kusa.

Mushe_Ilmi:
A'a Malam Sani, wancan daban ne, solifuj muke ce masa a aji. Shi ba gizo-gizo ba ne ma, ɗan uwansu ne na nesa. In ka dube shi kamar ƙafa goma gare shi, amma biyun gaba na lalube ne. Ba shi da dafi ko kaɗan, sai dai muƙamuƙinsa na da ƙarfi, in ya kama fata zai iya fasa ta. Bin da yake wa mutum da rana inuwa yake nema, da dare kuma ƙwarin da ke taruwa gindin fitila yake bi. Shi da kunama wuri iri ɗaya suke so, shi ya sa ake yawan ganinsu a gida ɗaya. Kuma ba ya goyo.

Majo_Rabi:
Sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ƙauye kafin in dawo cikin gari. Maman Nafisa, don Allah ki karanta wa maigidanki wannan kafin ya tafi kasuwa.

Cizon wannan gizo-gizo zafi ne kamar harbin zuma ko ƙasa da haka, wurin ya yi ja ya ɗan kumbura, wani lokaci da ƙaiƙayi. Zafin kan lafa cikin sa'o'i, kumburin cikin kwana ɗaya zuwa uku. A wanke da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a ɗora, babba ya sha parasetamol in zafin ya dame shi. Kar a tsaga, kar a ɗaure, kar a tsotsa, kar a shafa kalanzir ko man birki. Da dama abin da ke ruɓar da wurin ba cizon ba ne, tsagar ce da abin da aka cusa ciki. A zo asibiti in jariri ne, ko kumburin yana ta haurawa, ko zazzaɓi ya shiga, ko wurin ya soma baƙi, ko fuska ta kumbura numfashi yana sarƙewa. Wannan na ƙarshe ba a jira, ko tsakar dare ne.

Piya-piya kuwa, abin da ke cikinta shi ne dikulobos, maganin ƙwarin gona, kuma wanda ake ɗurawa a ƴan kwalabe ba wanda ya san ƙarfinsa. Yana shiga jiki ta numfashi, ta fata, ta baki. Yarinya mai rarrafe tafin hannunta a ƙasa yake, daga ƙasa kuma sai baki. Na taɓa karɓar yara biyu ƴan ɗaki ɗaya da aka fesa musu da magariba aka rufe ƙofa saboda sauro. Aka kawo su miyau na dalala, gumi sharkaf, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar kan allura, ƙirji na kurari. Allah ya yi da sauran kwanansu, amma daren nan ban manta shi ba. Ko a Najeriya, inda yawancinsa ke fitowa, hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da irin wannan magani a kasuwanni da kantunan kayan masarufi tun 2019. Gizo-gizon da kike tsoro bai kai rabin haɗarin kwalbar ba.

Maman_Nafisa:
Innalillahi. Na gode Majo, Allah ya saka. Yanzu zan tura masa. Amma fa gaskiya ba zan iya zama da su a ɗaki ba, ko ba sa kisa.

Abdu_Bagalam:
Majo, ba musu nake ba, amma ni da idona na ga ƙanena ya kwana lafiya a tsakar gida, ya tashi wuyansa ya sale kamar an zuba masa ruwan zafi. Tsohuwarmu ta ce tautau ne. In ba shi ba ne to mene ne?

Majo_Rabi:
Malam Abdu, na yarda ka gani, mu ma muna ganinsa kowace damina. Wanda ke sale fata haka mafi yawa hangara ce, wadda a lakwal ake ce wa kantarid. Tana zuwa wurin fitila lokacin da gero ke bununi, ta sauka a wuyan mutum yana barci, ya murje ta bai sani ba. Ruwan jikinta ne ke ƙona fata ya tayar da bororo. In ka ji ta a jikinka ka hure ta ko ka kaɗe ta a hankali, in kuma ta riga ta fashe ka wanke da sabulu nan take. Akwai kuma ƙurajen da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, da wasu masu raɗaɗi da ke jeruwa a gefe ɗaya na jiki, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke tayarwa bayan shekaru. Duk waɗannan a gida tautau ake ɗora wa. Gizo-gizo ba ya yi wa mutum fitsarin da zai ƙona shi.

Abdu_Bagalam:
To, lokacin kam damina ce, kuma a gindin fitila yake kwana. Allah ya sa mu dace. Amma tsohuwarmu ba za ta yarda ba.

Mushe_Ilmi:
Ba mu kaɗai muka zarge shi ba. A Birazil an daɗe ana ɗora masa laifin gyambon da ke cin nama, har aka yi maganin dafinsa. Daga baya likitoci a Sao Paulo suka bi mutum 515 da ya ciza, aka buga sakamakon a 1990, ba a samu mai irin wannan gyambo ba. Ashe wani gizo-gizo ne daban ke yin ɓarnar.

Maman Nafisa, ga abin da za ki gwada yau da dare. Ki kashe fitilar tsakar gida, ki riƙe tocila a goshinki daidai ido, ki haska ƙasa a hankali daga nesa. Za ki ga wasu ƴan ɗigo suna ƙyalli kore-kore kamar raɓa. Idanunsu ne, suna maido da haske kamar na kyanwa. Inda kika ga sun fi yawa, nan ne mazauninsu.

Ɗan_Gulbi84:
Mushe na gwada yanzun nan da fitilar salula. Wallahi gaskiya ne. Bayan gidanmu wajen gulbi kamar an watsa taurari a ƙasa. Na bi ɗaya har na same shi bakin wani ɗan rami. Shekara talatin ina unguwar nan ban san haka suke da yawa ba, kuma ba wanda suka taɓa ciza a gidanmu.

Zara_AliDanSofo:
Ni kam ba zan gwada ba, in na gani barci zai gagare ni.

Usta_Magini:
Salamu alaikum. Ni magini ne, bari in faɗi ta wajen sana'ata. Hajiya, ki duƙa ki dubi ƙarƙashin ƙyauren ɗakinki da rana. In haske na shigowa, to ƙofarsu ke nan. Ƙyauren ƙarfen da ake yi mana yawanci ana barin tazarar yatsa ɗaya ko biyu tsakaninsa da daɓe, nan kunama ma take bi, har ɗan maciji. Magani mai sauƙi: a yanko robar tiyub ɗin mota, a kai wa mai walda ko kafinta ya ɗaure ta da ƴar faffaɗar ƙarfe a gindin ƙyaure ta riƙa sharar ƙasa. In ba hali, a cika tsohuwar ƙafar wando da rairayi a ɗinke, a riƙa tokarewa da dare.

Sai tsagar bango, musamman bayan damina a gidan ƙasa, da inda bututun ruwa ko wayar wuta ta huda bango, da ramin da ruwan wanka ke fita. Tsaga a cike ta da siminti ko laka, ramin ruwa a sa masa raga. Taga ma a sa mata raga mai ƙananan ido, ta tsare sauro ta tsare su. Wanda ya tara bulo ko tsofaffin tayu ko kwanon rufi a jikin bangon ɗakin kwana, ya gina musu gida da hannunsa. Duk ranar da muka zo kwashe tsohon bulo sai mun tarar da su a ƙasa, su da kunama. Shi ya sa nake hana yarana sa hannu ba su fara turawa da shebur ba.

Maman_Nafisa:
Usta kamar kana gidan. Ƙyauren namu hannuna na shiga ƙarƙashinsa. Kuma karan da aka kawo na dabbobi da harawa duk a jikin bangon ɗakin yara aka jingine.

Inna_Tibiri:
To kin gani. A ɗauke karan nan a aza bisa rumfa ko a kai shi can nesa da ɗaki. Mu da munka taso ba a aje kara gindin ɗakin kwana, bisa icce ake ɗora shi. Kuma ki saki kaji cikin gida da hantsi, in da zabbi ma sun fi. Ba su barin komi mai motsi a ƙasa.

Manomi_Jiratawa:
Ni roƙona kar a mai da shi abokin gaba. Mu masu lambu mun san amfaninsa. In ka ɗaga ganyen kabewa ko ka shiga fangalin albasa da sassafe za ka gan shi yana sintiri, abincinsa tsutsa da ƴan ƙwarin da ke cinye mana shuka. Na lura shekarar da na matsa da feshi, su ne suka fara ɓacewa, bayan mako biyu ƙwarin suka dawo sun fi da, ba mai tare su. Tun daga nan na rage. A gida ma haka ne, in kin gan shi da yawa to akwai abin da yake ci. Ki nemi kyankyaso da gyare, su ne suka gayyato shi.

Mushe_Ilmi:
Abin da Malam na Jiratawa ya lura da shi masana noman shinkafa a Asiya sun tabbatar da shi. A can wani ɗan wannan dangi na cikin manyan masu cinye ƙwaron da ke tsotse shinkafa, kuma yawan feshi na kashe shi ya bar ƙwaron ya yi yawa. Zancen abinci kuma ya tuna mini da fitila. Farin ampul da muke sawa daidai saman ƙofa, musamman na sola da ke kwana a kunne, shi ke tara ƙwari, gizo-gizo kuma ya zo cin kasuwa a dokin ƙofa. A matsar da ita can tsakiyar gida ko jikin katanga, ko a sa mai launin rawaya, ƙwari ba su cika zuwa mata ba.

Hajiya_MaiKanti:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da wannan lallashin ba. Mai lambu ya bar shi a lambunsa, ba wanda ya hana. Amma ɗakin da jaririya ke kwana ba wurin amfanin gizo-gizo ba ne. Majo ta ce ba ya kisa, to zafin fa? Ƴar wata tara za ta iya faɗin inda ke mata ciwo? Ni duk wanda na gani cikin ɗaki kashe shi nake. Piya-piya kam na daina tun da ta taɓa sa ni ciwon kai da jiri kwana biyu, amma ina amfani da na gwangwani, in fesa da rana in rufe, in buɗe tagogi kafin yara su shiga.

Majo_Rabi:
Hajiya, ban ce a bar shi a ɗakin jaririya ba, kina da gaskiya a nan. Na gwangwanin da aka yi don cikin gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, in an bi abin da aka rubuta a jikinsa, an fitar da yara da abinci da ruwan sha, an bar iska ta shiga sosai. Sai dai wanda feshin ya taɓa kawai yake kashewa. Gobe wani zai shigo ta ƙarƙashin ƙyauren da Usta ya faɗa. Ga jaririya abin da ya fi shi ne sange, wato gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, a janye gadon daga bango, kar zani ya riƙa jan ƙasa. A kakkaɓe kayanta kafin a sa mata, takalman ƴan makaranta ma a kife a bubbuga da safe. Wannan ya tsare ta daga sauro da kunama gaba ɗaya.

Hajiya_MaiKanti:
Wannan kam na yarda. Ina kuma sa kwalin gam ɗin nan na kama ɓera a bayan kwaba da ƙarƙashin gado, yana kama su sosai. A dai sa inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ɗan_Gulbi84:
Gam ɗin yana kama tsaka ma fa Hajiya, ita kuma tana cikin masu rage ƙwarin.

Hajiya_MaiKanti:
Tsaka kuma ai ba na marmarinta a ɗakina.

Malam_Limanci:
Assalamu alaikum. Wani ya tambaye ni a gefe ko halas ne kashe gizo-gizo, tunda ana cewa shi ya yi saƙa a bakin kogon Sauru lokacin Hijira. Labarin ya shahara a littattafan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kodayake malaman hadisi sun yi saɓani kan ingancinsa. Akwai kuma sura guda mai sunansa, Ankabut, ta 29. Abin da na fahimta daga malamanmu shi ne, abin da ke cutarwa ana kawar da cutarsa, kunama ma an ambace ta da suna cikin waɗanda ake kashewa. Wanda bai cutar ba kuwa, barinsa ya fi, kuma ba a kashe mai rai da wuta. Na faɗi haka ne don na ga masu zuba kalanzir a rami su kyasta ashana. Ban da haramcin, lokacin kara ne, gobara ba ta da wuya. Allah ne mafi sani.

Ɗalibar_Jami'a:
Na gode Malam. Ga mai son fitar da shi ba kisa, ga yadda muke yi a ɗakin kwanan ɗalibai: a kifa masa kofi ko roba mai faɗin baki, a zura kwali a ƙasa a hankali, a ɗauka a kai waje a sake. Da mai goyo ma wannan ya fi takalmi, don ƴaƴan na nan a bayanta ba sa watsewa. In tsoro ya hana, tsintsiya mai dogon hannu ta isa a tura shi waje.

Wani abu da na karanta ya ba ni sha'awa. A kudancin Italiya akwai garin Taranto, mutanen can a da sun yi imani cewa wanda wani babban gizo-gizo na wannan dangi ya ciza sai ya yi ta rawa har ya faɗi kafin dafin ya fita. Daga sunan garin aka samo sunan tarantula. Yanzu an san cizon nasa bai da wani haɗari. Na ce ashe kowace al'umma da irin tautau ɗinta. Mu kuma muka ba Gizo wayo a tatsuniya, muka aura masa Ƙoƙi.

Inna_Tibiri:
Gizon tatsuniya ai ya fi wanga ɓarna, shi da ke cinye gayya shi kaɗai. Allah shi yi maki albarka ɗiyata, kin tuna mani da kakata.

Sani_Kabukabu:
To Mushe, tunda wannan ba shi da haɗari, akwai wanda ke da shi a cikinsu? Don mu san wanda za mu guje wa.

Mushe_Ilmi:
Akwai wanda ya kamata a sani, ana samunsa a ƙasashen Afirka da yawa, kuma bai yi kama da na Maman Nafisa ba ko kaɗan. Ƙarami ne, cikinsa zagaye kamar ƙwallo, ƙafafu sirara, ba ya yawo. Yana zaune cikin wata hargitsattsiyar saƙa mai ƙarfi a ƙarƙashin kujerar roba, bakin tsohon bokiti, cikin taya ko bayan ƙyauren gareji. A ƙarƙashin cikinsa akwai tambari ja ko ruwan lemo mai siffar kalangu, jakar ƙwansa kuma tana da tsinaye kamar ƙarangiya. Cizonsa na iya kawo ciwo mai tsanani da ɗaurewar nama da gumi, wannan a tafi asibiti. Wanda ya ga irin jakar nan kar ya sa hannu, ya kwashe da sanda ya murƙushe.

Shi kuma shimfiɗaɗɗen nan da ke manne a bango bayan kalanda, mai gudu a karkace, ba ruwansa da kowa, sauro da ƙwari yake ci. A taƙaice dai wanda kuka gani a ƙasa yana gudu, mai kauri da ratsi, ba saƙa, mafarauci ne. Ku duba gidan zanzaro ma in ya faɗo, za ku tarar da gizo-gizo a cushe ciki, abincin ƴaƴansa ne. Akwai wani dangin zanzaron da ke bin wannan na ƙasa har cikin raminsa.

Abdu_Bagalam:
Ni dai har yanzu ina ganin a fesa bayan katanga ko sau ɗaya, tunda daga gona suke zuwa. Ba cikin ɗaki ba.

Manomi_Jiratawa:
Malam Abdu, gonar wani ce fa, kuma akwai wake a ciki da bai gama nuna ba, ga awakin unguwa da ke kiwo a gindin katanga. Gona guda ba ta feshuwa don gizo-gizo. A nome hakin da ke jikin katangar, taku biyu ko uku, a bar wurin fili. Ba sa son ratsa fili, tsuntsu da ƙadangare na ganinsu. Da an gama girbi sanyi ya shigo za ka ga sun ragu da kansu.

Maman_Nafisa:
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana uku. Maigida ya karanta saƙon Majo, ya yi shiru, ya ce ba za a fesa a ɗaki ba. An kwashe kara da harawa an ɗora bisa rumfar awaki, a ƙarƙashinsu mun tarar da gizo-gizon sun fi goma da kunama biyu, Inna kin yi gaskiya. An sa robar a ƙyaure biyu, an mai da fitila jikin katanga. Na gwada tocilar Mushe, a tsakar gida har yanzu akwai masu ƙyalli wajen randa da gindin dalbejiya, amma cikin ɗaki dare biyu ban ga ko ɗaya ba. Jiya na kifa wa wata kofi, da farar jakarta a baya, hannuna na rawa, babban ɗana ya kai ta gona.

Saura abu ɗaya. Ashe ya riga ya sayo kwalbar tun ranar farko, tana nan bisa katanga cikin leda. Ya ce a ajiye saboda gara. Ni kuma hankalina bai kwanta da ita a gidan ba. Majo, yaya ake yi da ita?

Majo_Rabi:
Alhamdu lillahi. Kar ki zuba ta a makwarara ko masai ko kusa da rijiya, kar kuma a juye ta a robar lemo ko ta ruwa, nan ne yara ke ɗauka su sha. In zai yarda ya mayar wa mai ita ko ya kai wa ma'aikatan gona su san yadda za su yi da ita. Kafin nan a kulle ta a akwati, ba bisa katanga ba inda rana ke dukanta kuma yaro zai iya hawa. In tsautsayi ya sa wani ya sha ko ta zube masa, kar a ba shi madara ko manja, kar a sa shi amai. A tuɓe kayan, a wanke jikin da sabulu, a taho asibiti da kwalbar a hannu.

Hajiya_MaiKanti:
Gindin randar nan fa ki ɗora ta bisa bulo ki zuba tsakuwa, damshin ne ke tara su.

Baban_Sadiya_Burja:
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Mu namu ba a ɗaki suke ba. Ƴan ramuka ne suka cika bayan gida inda yara ke wasa, faɗin kowane kamar a zura babban yatsa, wasu da ɗan zare-zare a baki. Yarana suna zura tsinke suna tsokano abin da ke ciki. Mushe, na gizo-gizon nan ne ko na kunama? Ta yaya zan bambance kafin in hana su ko in cike ramukan?